Wa Ya Zana Fuskar Dodo?

Duk wanda ya taɓa zama a tabarma bayan sallar isha'i, kaka tana cewa "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suna amsawa "Ta zo mu ji ta," ya san Dodo. Amma da za a tara mu goma, mu da muka tashi a gida ɗaya muka ji tatsuniya ɗaya daga baki ɗaya, a ba kowa takarda da fensir a ce ya zana shi, Dodo goma za a samu. Na wani gashi ne buzu-buzu har ƙasa. Na wani ido ɗaya gare shi, ja wur kamar garwashi. Wata kuwa ba ta taɓa yarda ta kalli fuskarsa ba, inuwarsa kawai take hangowa a bakin rafi. Kaka ba ta taɓa gaya mana tsawonsa ko launinsa ba. Murya kawai take kaurarawa, sauran aikin ta bar mana.

Yau ƙannenmu da 'ya'yanmu su ma suna da dodanninsu, sai dai a waya suke ganinsu. An riga an zana su, an shafa musu launi, an ba su murya da kiɗa. Yaron Kano da na Damagaram da na Kumasi, in suka kalli katun ɗaya, dodo ɗaya suka gani, haƙoransa ma adadinsu ɗaya. Daga nan ne tambayar da muke son mu tauna ta taso: wanda ya zana wa yaro abin da a da idon zucinsa ke zana masa, kyauta ya yi masa ko ƙwace?

Bari mu fara da ƙarar da ake shigarwa a kan katun, mu kuma ba ta haƙƙinta, domin tana da ƙarfi.

Mu tuna dokin kara. Yaro ya tsinci karan dawa, ya lanƙwasa kansa, ya ɗaura masa tsumma a matsayin linzami, ya haye. Daga wannan lokaci shi sarki ne ranar hawan daushe, yana sukuwa, yana jinjina, ƙura na tashi. Ya san sarai kara ne a tsakanin ƙafafunsa, in akuya ta zo ci zai kore ta. Duk da haka doki ne. Wani masanin halayyar yara ɗan ƙasar Rasha, Lev Vygotsky, ya yi magana a kan irin wannan wasa a wata lacca da ya gabatar a 1933. A ganinsa, yaron da ya mayar da sanda doki ya fara wani babban aiki na hankali, wato raba ma'ana da abin da ido ke gani. Wannan fasaha ce za ta yi masa rana ranar da malam zai nuna masa wani ɗan layi a allo ya ce sunansa alif, ko ya rubuta 7 ya ce awaki bakwai ke nan. Ashe motar gwangwani da tuwon ƙasa da 'yar tsanar da ake yi wa kitso duk makaranta ce, ko da yake ba mai kaɗa ƙararrawa.

Abin da ke ba dokin kara ƙarfi shi ne rashin cikarsa. Ba shi da ƙafafu, dole yaron ya ara masa nasa. Ba ya haniniya, dole yaron ya yi masa. Katun kuwa a cike yake zuwa. A kowace daƙiƙa ta fim hotuna 24 ke wucewa ta gaban ido, kuma a zane mai motsi babu ganye ɗaya da ya faɗo don kansa: sai da wani ya zauna ya yanke shawarar inda zai faɗi da yadda zai juya. Duk abin da yaron ya gani, wani babba ne a wata ƙasa ya riga ya gani da idon zucinsa. To ina aikin da aka bar wa yaron?

Sai kuma batun lokaci. Iyayenmu sun yi wa tatsuniya shinge. Cewa suke duk wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. Ko mun yarda da wannan ko mun yi dariya, amfaninsa a fili yake: rana ta aike ce da wasa da karatu, dare na labari. Kuma kaka tana gajiya, ta yi hamma ta ce kowa ya je ya kwanta, mu tafi da sauran labarin a ka muna juya shi har barci ya sace mu. Waya ba ta hamma. Kafin wannan bidiyo ya ƙare, na gaba ya riga ya shirya kansa.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Ba kowane katun aka yi don ba da labari ba. A Amurka, cikin shekarun 1980, an yi shirye-shirye irin su He-Man, wanda ya fara a 1983, da Transformers a 1984, waɗanda aka gina a kan kayan wasan da kamfanoni ke sayarwa. Kayan wasan ne a gaba, labarin yana biye. Yaron da ya kalli irin wannan yakan tashi da sha'awar abin da ke kanti, karan dawan da ke bayan gida kuma ya koma kara kawai.

In a nan muka tsaya, hukunci ya yi sauƙi: a karɓe wayar. Amma alƙali ba ya yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya. Bari mu kira shaida guda, wani fim na ƙasar Japan mai suna Maƙwabcina Totoro, wanda Hayao Miyazaki ya shirya, ya fito a 1988 daga ɗakin zane na Ghibli. Shi wannan ɗakin zane, Miyazaki ne da abokan aikinsa Isao Takahata da Toshio Suzuki suka kafa shi a 1985. Sunan ma yana da ɗan dangantaka da mu: ghibli shi ne abin da ake kiran iskar nan mai zafi da ke tasowa daga Sahara ta bugi Libiya, wato daga hamadar da ke turo mana ƙurar hunturu.

Labarin gajere ne. Wasu 'yan mata biyu, Satsuki da ƙanwarta Mei 'yar shekara huɗu, sun ƙaura tare da mahaifinsu zuwa wani tsohon gida a ƙauye, a Japan ta shekarun 1950, don su kasance kusa da asibitin da mahaifiyarsu ke kwance tana doguwar jinya. Wata rana yayar tana makaranta, uban yana ɗaki yana rubutu, Mei na wasa ita kaɗai a tsakar gida, sai ta hango wasu ƙananan halittu biyu suna sanɗa. Ta bi su ta cikin sarƙaƙiya, ta faɗa wani kogo a gindin wata ƙatuwar bishiyar kafur, ta tarar da wani gabjejen abu mai gashi yana sharar barci. Da a tatsuniyarmu ne, a nan ne za mu ce ta gamu da Dodo. Ita kuwa Mei sai ta haye ruwan cikinsa, ta sosa masa hanci, ta raɗa masa suna Totoro, ta yi barcinta.

Da aka tsince ta tana barci a ƙasa cikin ciyayi, ta ba da labari, ta ja su don ta nuna musu, hanyar ta ɓace. Yayar da uban suka yi dariya. Ran Mei ya ɓaci, ta dage cewa ita ba ƙarya take yi ba. A nan ne fim ɗin ya iso wurin da ya fi shafar mu manya. Amsoshi biyu ne suka fi saurin zuwa bakin uba a irin wannan hali. Ko dai ya ce, "Ke, rufe mana baki, ƙarya ba kyau," ko kuma ya biye mata ya ce ai shi ma jiya ya gan shi. Ta farko tana koya wa yarinya cewa abin da zuciyarta ta gani abin kunya ne. Ta biyu ƙarya ce tsagwaronta, kuma yara suna gane ta. Uban Mei bai ɗauki ko ɗaya ba. Ya daina dariya, ya gaya mata bai ɗauke ta maƙaryaciya ba, ya ce mai yiwuwa ta yi sa'ar gamuwa da mai tsaron dajin, wanda ba kullum ake ganinsa ba. Bai ce ya gani ba, bai kuma ce babu ba. Ya bar mata abinta a hannunta.

Wani zai ce, to ai nan ne gizo ke saƙar. In muka ƙyale yaro yana faɗin abin da bai faru ba, ba ƙarya muke koya masa ba? Tambaya ce mai nauyi, domin ba mai son ya raini maƙaryaci. Amma kakanninmu sun riga sun warware ta tun kafin a haife mu. Ƙarya ita ce ka faɗi abin da ba shi ba don wani ya ɗauka shi ne. Tatsuniya kuwa da sallama take shigowa, da sallama take fita. Mai bayarwa ya buɗe da "ga ta nan," masu sauraro suka ba da izini. Da ya gama ya ce ƙurunƙus, ya ƙara da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Ba a yaudari kowa ba. An shiga wani ɗaki ne da yardar kowa, aka fito aka ja ƙofa. Yaron da ke kan dokin kara shi ma a cikin wannan ɗaki yake. In ya fasa kofi ya ce kyanwa ce, wannan wata magana ce dabam, kuma yana da kyau ya san mun san bambancin.

Muna da abin koyi da ya fi uban Mei kusa da mu. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya dawo daga wata tafiya, iska ta ɗaga labulen da ke rufe da kayan wasan Nana A'isha (RA), sai ya ga 'yan tsananta, a tsakiyarsu kuma akwai doki mai fukafukai biyu na ƙyalle. Ya tambaye ta mene ne wannan, ta ce doki. Ya tambayi abin da ke jikinsa, ta ce fukafukai. Da ya nuna mamakin doki da fukafukai, sai ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaiman. Ya yi dariya har haƙoransa na ciki suka bayyana. Mu lura da yadda abin ya gudana: tambaya, sauraro, dariya. Ba a tsawata ba, ba a kuma gyara wa dokin halitta ba.

To amma mene ne amfanin dokin da ke tashi, ko Totoro mai barci a kogo? A nan ne muke ganin fim ɗin ya fahimci yara fiye da yawancinmu. Mukan ɗauka duniyar ƙage wurin gudu ne, inda yaro ke fakewa don kada ya fuskanci gaskiya. Mu duba lokutan da Totoro ke bayyana. Yana zuwa ne lokacin da Mei take ita kaɗai ba uwa a gida. Yana zuwa lokacin da yaran biyu ke tsaye a tashar mota cikin duhu da ruwan sama, motar da ubansu zai sauka daga ciki ta yi latti. Yana zuwa a ƙarshe, ranar da saƙo ya iso daga asibiti cewa uwar ba za ta samu zuwa gida ba kamar yadda aka yi alkawari. Ranar ce Satsuki, wadda ta daɗe tana dafa abinci tana yi wa kanta hidimar manya, ta fashe da kuka a gaban wata tsohuwa maƙwabciyarsu, tana tambayar yadda za su yi in uwarsu ta mutu. Mei kuma ta rungumi masara guda ta kama hanyar asibiti da ƙafa, don ta ji an ce kayan gonar tsohuwar suna ƙara lafiya. Ta ɓata. Mutanen ƙauye suka tsinci takalmin yarinya a tafki, suka shiga lalube da gora.

Wannan ba labarin gudun gaskiya ba ne. Kuma ga abin da ya fi muhimmanci: Totoro bai warkar da uwar ba. Ba shi da magani, ba shi da sandar tsafi. Abin da ya yi kawai shi ne ya kira wata mota mai siffar kyanwa, mai ƙafafu goma sha biyu, ta kai Satsuki inda ƙanwarta take, ta kai su biyun asibiti. Suka zauna a reshen bishiya suna hango uwarsu ta taga tana hira da ubansu tana dariya, suka ajiye masarar a bakin tagar, suka koma gida. Ciwon yana nan. Abin da ya sauya shi ne yaran sun sami ƙarfin kwana da shi.

Miyazaki ya san abin da yake zanawa. An haife shi a Tokyo a 1941, kuma yana yaro mahaifiyarsa ta kamu da tarin fuka wanda ya kama mata ƙashin baya, ta shafe shekaru a kwance, wasu a asibiti wasu a gida. Mu ma mun san irin waɗannan yara. Akwai su a gidajen da uwa ta tafi haihuwa aka ce sai an yi mata aiki, da gidajen da uba ya tafi neman kuɗi shekara biyu ba labari, da sansanonin da aka tara waɗanda rikici ya raba da garuruwansu. Mukan ce yaro ne, bai san komai ba. Ya sani. Kalmomin faɗa ne ba shi da su. Shi ya sa za ka ga yarinya ta kwantar da 'yar tsanarta tana ba ta magani tana lallashi, tana maimaita duk abin da ta ji manya suna faɗa a bakin gadon mara lafiya. Tana mayar da abin da ya fi ƙarfinta ne ya zama daidai tafin hannunta. Wanda ya ce mata ta daina shirme ya karɓe mata abin da take riƙewa ta tsaya.

Yanzu mu koma ga ƙarar farko, cewa katun a cike yake zuwa, ba ya barin gurbi. A kan finafinai da yawa gaskiya ne. Amma mai zane yana iya barin gurbi in ya so, kamar yadda kaka ke bari. Mu ɗauki wurin tashar motar nan. Ruwa yana zuba. Satsuki ta goya Mei da ta yi barci, tana riƙe da laima. Mintoci suna tafiya ba abin da ke faruwa sai ɗigar ruwa da wani kwaɗo da ke kallonsu. Sai ga wasu ƙafafu masu farata sun zo sun tsaya kusa da ita. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi bayani. Ta miƙa masa laimar ubanta, ya karɓa, ya ji daɗin ƙarar ruwa a kanta. Har fim ɗin ya ƙare ba a gaya mana mene ne Totoro ba, daga ina yake, me yake tunani, domin ba ya magana sai gurnani da hamma. Da ɗan jaridar Amurka Roger Ebert ya tambayi Miyazaki game da irin waɗannan wurare na shiru a finafinansa, sai ya tafa hannu 'yan lokuta, ya ce tazarar da ke tsakanin tafi da tafi suna da suna gare ta a harshensu, ma, kuma da gangan yake barin ta. Makaɗan kalangu ba za su yi mamakin wannan ba. In babu shiru tsakanin bugu da bugu, ba kiɗa ake ji ba, hayaniya ce.

A cikin wannan shiru ne yaron da ke kallo yake samun aikin yi. Yana tambayar kansa, zai cinye su ne? Yana jin sanyi? Ina zai je da laimar? Ashe ana iya zana fuskar Dodo a kuma bar sirrinsa. Abin da ke kashe idon zuci shi ne a cika kowace daƙiƙa da ƙara da walƙiya da bayani, har yaro ya rasa inda zai sa tasa tambayar.

Akwai wani wuri a fim ɗin da muke ganin ya ba mu ma'aunin da muke nema. Totoro ya ba yaran ƙunshin 'ya'yan itatuwa, suka shuka a tsakar gida, kwanaki suka wuce ba tsiro. Wani dare suka farka suka ga shi da 'yan rakiyarsa suna zagaya wurin shukar, suka fito suka bi sahu, bishiya ta tsiro nan take ta yi girma har ta rufe gidan. Da gari ya waye babu bishiya. Amma da suka duƙa suka duba, ga 'yan tsirrai sun fasa ƙasa. Mafarkin ya tafi, ya bar wani abu ɗan ƙarami na gaske. Haka ya kamata mu auna kowane katun. Mu daina tambayar ko yaron ya yi shiru yana kallo, domin kowane irin shirme yana iya sa yaro shiru. Mu duba abin da yake yi bayan an kashe wayar. In ya tashi ya nemi takarda, ko ya mayar da kwali jirgin sama, ko ya tara ƙannensa yana raba musu sunaye yana ƙara wa labarin abin da babu shi a fim, to an yi shuka. In kuwa ya zauna yana ƙunci, kome ya gundure shi, ba abin da yake so sai a sake kunna masa, to an ci masa lokaci ne kawai.

Kada mu wanke wannan shaida tamu fiye da kima. Akwai abubuwa biyu da za a iya faɗa a kanta. Na farko, fim ɗin ya fito ne daga al'ummar da ke da tsohuwar aƙidar cewa manyan itatuwa da duwatsu suna da ruhohin da ake girmamawa, har ma akwai inda uban ya kai yaran gindin bishiyar suka rusuna suna godiya. Iyaye Musulmi ko Kirista suna da haƙƙin su tsaya a nan. Sai dai mu ma ba baƙin irin wannan ba ne: mu nawa ne muka girma muna tsoron wucewa ta gindin tsamiya ko kuka da tsakar rana? Abin da ya raba mu da wannan tsoro shi ne bayanin wani babba da ya zauna da mu. Yaron da ke kallo kusa da uwarsa zai ji ta ce, "Su haka suka ɗauka, mu kuwa Allah kaɗai muke rusunawa," ya wuce da darasi biyu maimakon ɗaya. Haɗarin yana wurin yaron da aka bari shi kaɗai da waya.

Na biyu, Totoro shi ma ya shiga kanti. Fim ɗin bai yi wani kasuwa mai yawa ba lokacin da ya fito, amma daga baya 'yan tsanarsa suka yi ta sayuwa, har hotonsa ya zama tambarin ɗakin zanen. Shi kansa Miyazaki bai ɓoye damuwarsa ba. An ruwaito cewa da wani ya gaya masa ɗansa kullum sai ya kalli Totoro, maimakon ya ji daɗi sai hankalinsa ya tashi, ya ce sau ɗaya a shekara ya isa. Mutumin da ya zana dajin ya fi son yara su shiga dajin gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarwarin da ta fitar a 2019, ta ce bai kamata a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Mun san faɗar wannan ta fi yinsa sauƙi. Uwar da ke da yara huɗu, tukunya a wuta, jariri a baya, ga sana'ar da za ta kai kasuwa, in ta miƙa wa ɗan shekara uku waya don ta samu ta tuƙa tuwo, ba mu da bakin zarginta. A da gidan yawa ne ke ɗauke wannan nauyi: akwai kaka, akwai gwaggo, akwai dandali da farin wata. Yau da yawanmu muna ɗaki biyu a gidan haya, kaka tana ƙauye. Wayar ta shigo ne ta tarar da gurbi. Saboda haka abin da muke roƙo kaɗan ne. Mu zaɓi abin da za a kalla maimakon mu bar wayar ta zaɓa. Mu yi masa shinge kamar yadda aka yi wa tatsuniya. In an gama, ko da muna wanke-wanke ne, mu ce, "Zo ka ba ni labarin abin da ka gani." Da zarar yaro ya fara ba da labari, ya tashi daga mai kallo ya koma mai ƙagawa, kuma za mu ji yana sa abubuwan da babu su a fim ɗin. Kada mu gyara masa.

Akwai magana kuma ga matasanmu da suka fara koyon zane mai motsi a kwamfuta, masu burin ganin Gizo da Ƙoƙi a waya. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Tun tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga littattafai uku cike da tatsuniyoyi da labaran Hausa, ban da waɗanda har yanzu ke bakin tsofaffi ba a rubuta ba. Jarabawar da ke gabansu biyu ce. Ɗaya ita ce kwaikwayon saurin katun ɗin da ake yi don riƙe ido. Ɗayar, wadda ta fi kama mu, ita ce mayar da kowane labari wa'azi, a tsayar da Gizo a ƙarshe yana karanto darasi. Kaka ba ta yi haka ba. Ta bar Gizo da tsamin bakinsa da haɗamarsa, wani lokaci ya sha kashi, wani lokaci ya tsira, mu kuma muka kwanta muna auna wanda ya kyauta da wanda bai kyauta ba. Wannan aunawar ita ce tarbiyyar. In za su zana Dodo, su zana shi, amma su bar wani ɓangarensa a cikin duhu.

To, kyauta ce ko ƙwace? Mun ga tana iya zama kowanne, kuma rabin amsar yana hannun mai zane, rabi yana hannunmu. Gobe ko jibi wani yaro a gidanmu zai zo da gudu ya ja mana riga, ya ce akwai wani ƙaton abu mai gashi a bayan randa, ya kuma ara masa laima. Muna iya cewa ya tafi ya ba mu wuri. Muna kuma iya ajiye abin da ke hannunmu na minti ɗaya, mu tambaye shi, "Ƙafafunsa nawa?"